Amsar Kawu kan abokin ɗakinka da littafinsa

Ɗana, saƙonka ya iso jiya bayan la'asar. Da na karanta na yi dariya, daga baya kuma na yi shiru. Ka ce yaron da kuke ɗaki ɗaya a Bangalor, can ƙasar Indiya, ba ya buɗe littafin addininsu na Hindu sai ya yi wanka, ya kunna fitila, ya yi ta karanta wasu kalmomi da ba ka ji. Ka ce ran nan ƙafarka ta taɓa littafin darasinsa, ya ɗauka ya kai goshi. Kana tambaya ko asiri yake yi maka, ko ka nemi canjin ɗaki. Maganar asirin ce ta ba ni dariya. Abin da ya sa ni shiru kuwa, yaya aka yi ɗalibi kamarka yake tafiya bai ga littafi a gabansa ba?

A 1979 ina karatu a Banaras, a arewacin Indiya, a bakin kogin Ganga, ina haya a saman benen wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Sanyin Janairu a garin ya fi na hunturun Kano shiga ƙashi. Kullum idan na idar da sallar asuba sai in ji ƙarar ƙyaure, ya dawo daga kogi, ya yi wanka cikin wannan sanyi. Wata rana na tambaye shi, kamar yadda kai ma ka tambaye ni. Ya ce in sauko gobe in gani da idona. Na ce masa ni Musulmi ne, ba zan sa hannu a komai ba. Ya ce ai ya sani, tsayuwa kawai zan yi a bakin ƙofa.

Na cire takalmi na tsaya. Ya sa sabon zane fari, ya shimfiɗa wani ɗan bargon ulu, ya zauna ya fuskanci gabas. Ya zuba ruwa a tafin hannun dama ya kurɓa sau uku. Fitilarsa ƙaramar kasko ce ta yumɓu, lagwaninta auduga, man shanu ake zuba mata. Ya kunna ta, ya kunna turaren tsinke, ya ajiye furanni ruwan ɗorawa. Sai a lokacin ya kwance jan ƙyallen da ya naɗe littafin, ya ɗora shi a kan ɗan katakon nan mai buɗewa kamar almakashi. Gabana ya faɗi, domin irinsa sak mahaifinmu yake ɗora Alƙur'ani a kai.

Littafin shi ne Bagawad Gita, babi 18, baiti 700, cikin harshen Sanskirit. Amma bai fara da shafin farko ba. Ya ja kalmar "Om" da dogon numfashi, ya kira Ganesha, wanda suke siffantawa da kan giwa, suna cewa shi ke kawar da cikas a farkon kowane aiki. Ya kira Saraswati, wadda suke danganta ilimi gare ta. Ya gai da malaminsa da ya daɗe da rasuwa. Bayan nan ya rera baitoci tara na share fage da suke kira Gita Dhyanam. Da muka zauna shan shayi ya fassara mini ɗaya: tsofaffin littattafansu su ne shanu, Krishna, abin bautarsu da ke yin nasiha a cikin littafin, shi ne mai tatsa, Arjuna, jarumin da ake yi wa nasihar, shi ne maraƙi, Gita kuma ita ce madarar. Na ce masa wannan misali ko a rugar Fulani za a gane shi. Duk wannan share fagen ya kusa cin minti ashirin, karatun kansa kuwa babi ɗaya ne tak. Ya rufe da "shanti" sau uku, wato aminci, ya naɗe littafin, ya mayar da shi sama. Ya miƙo mini alewar da ya ajiye a gaban gumakan, na ce na gode, ban karɓa ba. Bai ɓata rai ba, kuma muka ci gaba da zama lafiya shekara uku.

Aƙidarsu daban, tamu daban, wannan ba ya buƙatar dogon bayani a gidanmu. Amma a bakin ƙofar nan malaminmu na makarantar allo na tuna. Idan yaro ya zo da gudu ya fizgi allo, sai ya ce, "Koma ka yi alwala, ka yi a'uziyya da bisimilla. Karatu baƙo ne, ba a tarbarsa a tsaye." Kakarka kuwa ba ta iya boko ba, amma ko guntun takarda ta gani a ƙasa sai ta tsince ta soke a jikin danga. Takan ce, "Wanda ya taka rubutu, rubutu zai guje shi." Gafakar mahaifinmu a rataye take kullum, ba ta taɓa kwana a ƙasa ba.

Yau fa? Na shiga ɗakin yaranmu na tarar da izu biyar a ƙarƙashin kwanon abinci. Wani yana karatun Alƙur'ani a waya, saƙo ya shigo, ya tsaya a tsakiyar aya ya amsa, ya dawo ko a jikinsa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Mu ma da laifinmu, mun kai ku makarantu masu tsada, ba mu zaunar da ku mun nuna muku yadda ake ɗaukar littafi da hannu biyu ba.

Kai goshin da yaron ya yi, neman afuwa ne, domin a wurinsu kowane littafi na ilimi yana da alfarma, ko na haɗa magunguna ne. Nan gaba kaɗan ma, wajen Satumba ko Oktoba, lokacin bikinsu na Nabaratri mai kwana tara, za ka ga mutanen kudancin Indiya sun tara littattafansu a wurin bauta a rana ta tara, ba su buɗe ko ɗaya ba sai washegari. Kada ka yi mamaki idan shi ma ya yi haka.

Ka ba shi haƙuri kan ƙafar nan. Ka kuma faɗa mini inda kake ajiye Alƙur'anin da mahaifiyarka ta sa maka a jaka ranar da muka raka ka filin jirgi.