Za a iya soke haruffa biyu a tashi ɗaya a ƙa'idar rezolisiyon?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko daga (P ∨ Q) da (¬P ∨ ¬Q) za ka iya soke P da Q gaba ɗaya, ka samu jimlar da babu kome cikinta, ka ce saɓani ya tabbata. (P da Q haruffa ne da ke wakiltar maganganu; alamar ∨ na nufin "ko", ¬P kuma kishiyar P ce, wato "ba P ba".) A'a, ba a yin haka. Wannan ƙa'ida ta ilimin lojik, ta fitar da sabuwar jimla daga jimloli biyu, wadda John Alan Robinson ya fito da ita a 1965, harafi ɗaya take sokewa da kishiyarsa a kowane mataki: daga (P ∨ Q) da (¬P ∨ R) sai a samu (Q ∨ R). A naka misalin, in ka soke P, abin da ya rage shi ne (Q ∨ ¬Q), wanda kullum gaskiya ne, bai ƙara maka kome ba.

Ka gwada da ruwan Damagaram. P: pampo ya kawo ruwa yau. Q: na sayi ruwa wajen mai garuwa. Jimla ta farko na cewa aƙalla ɗaya ya faru, ta biyu na cewa ba duka biyu suka faru ba. To ranar da pampo ya kafe na kira mai garuwa, ai duka jimlolin gaskiya ne, ina saɓanin? Nan ne na ga ɗalibai suna yawan zamewa lokacin bita, don sokewar tana kama da ta aljabra. Jimla fanko ba ta fitowa sai daga harafi tilo da kishiyarsa, kamar P da ¬P.