Don me Allah bai hukunta azzalumi nan take ba?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya daga Sabon Garin Zariya cewa idan har Allah yana ƙin zunubi, don me azzalumi yake cin karensa ba babbaka shekara da shekaru. A koyarwar Kirista, wannan jinkiri haƙuri ne mai manufa. Manzo Bitrus ya rubuta a wasiƙarsa ta biyu, sura 3 aya 9, cewa Ubangiji ba ya son kowa ya hallaka, so yake kowa ya kai ga tuba. Mutanen Nineba kwana 40 aka ba su ta bakin Annabi Yunusa, suka yi azumi, suka bar mugunta, aka ɗage musu hukunci. Amma da zuriyarsu ta koma ga zalunci, birnin ya faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gargaɗin Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa, sura 2, cewa mai raina wannan alheri da taurin zuciya fushi yake tara wa kansa har ranar shari'a. Tuba ta gaskiya kuwa ta haɗa da mayar da haƙƙi, kamar yadda Zakka, mai karɓar haraji a zamanin Almasihu, ya yi alkawarin biyan ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.