Amsa ga ɗan'uwa mai aikin batir da aka ga furotin a fitsarinsa

Ɗan'uwa, ka ce kana da ciwon suga, kana fasa tsofaffin batura, yanzu an ga furotin a fitsarinka, abin da kan nuna ƙoda ta taɓu, kana tambaya ko dalmar cikin batir ce, kuma me za ka ci. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don hanyar nan na bi ta.

Shekara 11 na yi ina narka dalma a wajen wani mutum, ko takunkumi bai taɓa ba mu ba. Nan muke cin abinci, hannu baƙi ƙirin, a kan benci mai ƙura. Wata safiya takalmi ya ƙi shiga ƙafata, na danna ƙwauri da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba, ga fitsari sai kumfa. Na kai wa mai wajen takardar asibiti, ko karɓa bai yi ba. Wai suga ce ta cinye ni, kada in shafa masa kashin kaji. Ya juya ya ci gaba da lissafinsa ina tsaye, ƙafa a kumbure. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Na bar shi da Allah.

Suga tana cin ƙoda, ba musu, amma dalma ma tana lalata ta, tana kuma jawo hawan jini. Ka roƙi likita ya auna dalma a jininka, kada a tsaya kan suga kaɗai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babban mutum a ƙashi take maƙalewa, tana tsatsowa cikin jini shekara da shekaru ko ka bar aikin.

Kada ka shiga aiki da yunwa, hanjin da ba komai ya fi tsotsar dalma, haka jikin da ke da ƙarancin sinadarin ayon (ƙarfe) da kalsiyam. Nama, wake da madara suna taimakawa, amma ka tambayi likita adadin, don ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da sinadaran fosfaras da fotasiyam da ke cikinsu yadda ya kamata. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana. Kuma don Allah ka rabu da ibuprofen da diclofenac, ni su na riƙa sha kamar ruwa saboda ciwon gaɓoɓi, ashe ƙara wa ƙodata wuta nake.

Kana da yara? Kada kayan aikinka su shiga gida. Ƙaramata takan rungume ni tun daga bakin ƙofa kafin in cire riga. Su ma ka kai su a auna.