Ƙarin ƙashi kafin dashen haƙori: yaya ake kauce wa matsala?

Tambaya: Shekara shida ke nan da aka cire mini turame biyu na sama. Likita ya ce ƙashin wurin ya zaizaye, sai an ɗaga ƙasan kogon iskar da ke samansa, an ƙara ƙashi, kafin a dasa mini haƙori. Wace matsala ce ke iya tasowa, kuma yaya ake kiyaye ta?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Hajiya, wannan kogo yana cikin ƙashin kunci, kuma wani tantani marar kauri ne ya shimfiɗe cikinsa, kamar wanda ke manne a ɓawon ƙwai. Yagewar wannan tantani ita ce matsalar da aka fi gamuwa da ita, domin idan ya huje, garin ƙashin da aka zuba yana iya shiga kogon ya jawo kumburi da mugunya.

A ganina, rabin kariyar tana samuwa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ki nemi a yi miki hoton CBCT, wato wani nau'in hoton X-ray mai duba ƙashi ta kowane ɓangare, wanda ke nuna kaurin ƙashin da ya rage, da shingayen ƙashi da wasu mutane ke da su a cikin kogon, da inda jijiyar jini ta ratsa. Idan ƙashin bai kai milimita 4 zuwa 5 ba, yawanci ana buɗe 'yar taga a jikin ƙashin ta gefe, a zuba garin ƙashi ta nan, sannan a jira kamar wata shida kafin dashen. Na'urar fiyezo, wadda ke yanka ƙashi da girgiza, tana rage haɗarin huda tantanin, kuma ƙaramar huda ana lulluɓe ta da fallen kolajin, wani faci marar kauri da ke narkewa a jiki, a ci gaba da aiki.

Kada a yi aikin kina fama da mura ko toshewar hanci, musamman cikin ƙurar hunturu. Mai ciwon suga sai ya daidaita shi, mai shan taba kuma ya daina.

Bayan aikin, kada ki fyace hanci har kusan mako biyu, kuma ki buɗe baki idan atishawa ta zo. Wajen alwala ma, ki shaƙi ruwa a hankali, ki bar shi ya zubo da kansa. Idan kika ga zazzaɓi, ko majina mai wari ta kafar hanci ɗaya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ki koma wurin likita a ranar.