Amsa ga ɗan'uwa mai shirin zamiyar ƙanƙara a Chamonix, wani gari a tsaunukan Faransa

Malam, ka tambaya ko ya dace ka hau dutse washegarin da dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, tunda kai sabon shiga ne daga Agege. Don Allah ka ɗan dakata.

Sabuwar dusa ba ta gama kama ta ƙasa ba, shi ya sa zaftarewar dusa daga kan dutse ta fi yawa a kwanakin farko bayan guguwa. A Turai ana auna haɗarin daga mataki 1 (mafi sauƙi) zuwa 5 (mafi tsanani), kuma ana sanar da shi kowace rana. Duba shi kafin ka fita. Da safe ma'aikata kan tayar da nakiya su zubar da dusar da ke barazana, don haka kujerun da ke ɗaukar mutane ta kan waya zuwa saman dutse kan makara buɗewa, ga layi kamar na tashar Oshodi.

Ka tsaya kan hanyoyin da aka daddale, masu alamar kore ko shuɗi. Ja da baƙi na gwanaye ne. Kada ka tsallake igiyar iyaka ko da ka ga wasu sun tsallake. Ka ɗauki mai koyarwa, ka sa hular kwano da tabarau, domin hasken dusa na ƙona ido.

Allah ya kai ka lafiya.