Tambaya da Amsa: Wayar hannu za ta iya gano matsalar motsi a jikin jariri?

Tambaya: Likita, ɗana bakwaini ne, ya zo saura mako 8 lokacinsa ya cika. Ya kwana 12 a kwalba, ya kuma yi shawara har aka sa shi a ƙarƙashin fitilar maganin shawara. Yanzu watansa 5, wuyansa bai tsaya ba, kullum hannunsa na dama a dunƙule. Na ji an ce akwai manhajar waya da ke gano nakasa tun yaro yana jariri. Gaskiya ne? Uwar mijina ta ce ɗan ruwa ne, kada mu ɓata kuɗi a asibiti. Wallahi ba na iya barci. Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Baiwar Allah, Allah Ya raya shi, Ya kwantar miki da hankali. Ki fara gyara lissafi. Bakwaini ana cire masa makonnin da ya yi gaggawa, don haka a wurinmu ɗanki watansa 3 ne da 'yan kwanaki. Wuyan da bai gama tsayawa ba a wannan lokaci bai isa a yanke hukunci ba. Amma haihuwa kafin lokaci, da shawara mai tsanani, da hannu ɗaya da ba ya buɗewa, sun isa a duba shi yanzu.

Abin da kika ji yana da tushe. Farfesa Heinz Prechtl, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya tsara hanyar karanta motsin jarirai ta bidiyo. Tsakanin mako 9 zuwa 20 bayan ranar da ya kamata a haifi yaro, lafiyayyen jariri yana wani ɗan mutsu-mutsu mai laushi a wuya da wuyan hannu da idon sawu, kamar yana rawa shi kaɗai. In babu wannan motsi, alama ce mai ƙarfi ta raunin ƙwaƙwalwa da ke taɓa motsin jiki, wanda muke kira sarabiral falsi. Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2017 sun nuna in aka haɗa bidiyon da gwajin jijiyoyi da hoton ƙwaƙwalwa, ana iya gane lalurar kafin wata 6. A Melbourne ta Ostireliya an ƙirƙiri manhajar Baby Moves, iyaye su ɗauki bidiyon minti 3 su tura wa ƙwararru. Manhajojin da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira su karanta motsin da kansu kuwa, akasarinsu suna matakin bincike. Idon wanda aka horar shi ne alƙali, wayar shaida ce kawai. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi ta WhatsApp ya faɗa miki sakamako, damfara ce.

Ki ɗauki bidiyon da kanki. Ki shimfiɗa farin zane a kan tabarma, ki kwantar da shi rigingine da nafkin kawai, yana farke, ba ya kuka. Ki tsaya ta wajen ƙafafunsa, duk jikinsa ya fito, kada ki yi masa wasa ko magana, minti 3 zuwa 5.

Sai maganar ɗan ruwa, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ina girmama uwar mijinki, abin da ta taras ke nan. Amma babu aljanin da ya musanya miki ɗa. Shawara in ta yi yawa tana hawa ƙwaƙwalwa ta yi ɓarna. Jaririn da ya jima bai yi kuka ba wajen haihuwa, iska ce ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba. Sanƙarau ma yana yin irin wannan ɓarna. Waɗannan abubuwa ne da ake gani a gwajin jini da hoto. Kalmar ɗan ruwa kuwa, da zarar an liƙa wa yaro ita, an gama da shi. A daina kai shi rigakafi. A ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. A turara shi da hayaƙi, alhali huhun bakwaini bai yi ƙwari ba. A danne shi a yi masa ɗurar jiƙo, shi kuwa mai irin wannan lalura sau da yawa haɗiya tana ba shi wuya, ruwan ya bi ta huhu ya zama limoniya. Har yau akwai masu cewa a kai shi bakin rafi a ajiye, wai zai rikiɗe ya koma wurin danginsa. Subhanallahi! Ɗan mutum, amanar Allah?

An taɓa kawo mini wani yaro daga wani ƙauye kusa da Daura yana da shekara 4. Na ce uwar ta goya shi in gani. Ƙafafun sun harɗe kamar almakashi, sun ƙi buɗewa su kama bayanta, sai ta ɗaure shi a miƙe kamar itace. An sayar da awaki, an sayar da hatsin gida, duk an kai wa masu cewa za su kori iska. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma jijiyoyi suna ƙanƙancewa, gaɓoɓi su sandare. Da tun yana wata 4 aka fara masa gashi, wato motsa gaɓoɓi da ƙwararru ke yi a asibiti, lokacin da ƙwaƙwalwa ke saurin koyon sababbin hanyoyi, da tasa ta fi haka sauƙi. Ba na cewa gashi yana warkarwa kwata-kwata. Yana iya zama bambanci tsakanin yaron da ke zama ya ci tuwo da hannunsa da wanda ake juyawa a kwance. Masu karɓar kuɗin talakawa da wannan ƙarya, ku ji tsoron Allah. Addu'a kuwa ku yi ta, dare da rana, tare da zuwa asibiti.

Cikin makon nan ki je sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai, da bidiyon da takardar sallamarsa. Ki nemi a gwada jijiyoyinsa, a duba jinsa saboda shawarar da ya yi, a tura ku sashen gashi. In da hali, ki roƙi maigida ya lallaɓa Hajiya ku tafi tare, ta ji da kunnenta.