Kwaɗon keke da littafin rumfa: amsar tambayarka

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da dare ban samu natsuwa ba sai yanzu bayan Asuba, ka san zaman gaisuwa, mutane ba su yanke ba sai wajen sha ɗaya. Ka ce wani malamin firamare ya zo rumfarmu ta gyaran keke a Katsina bayan na taho Daura, an sace mashi keke ƙofar masallaci, ya ciyo bashi ya sayi wani, shi ne ya tambaye ka wane irin kwaɗo zai saya wanda ɓarawo bai iya buɗewa, kai kau ka rasa abin da za ka ce mashi. To gara da ka yi shiru ba ka yi mashi ƙarya ba, dan wallahi babu wannan kwaɗon a kasuwa, ko na nawa ne. Duk abin da ɗan Adam ya ƙera ɗan Adam na iya karya shi. Aikin kwaɗo kawai ya ɓata ma ɓarawo lokaci, shi kau ɓarawon keke abu biyu ne bai so a duniya, daɗewa wuri guda da idon mutane.

Kuma ka lura tambayar ga ta yi yawa yanzu ba kamar da ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓo tsofaffin kekunansu, kai shaida ne irin kekunan da aka riƙa kawo mana duk tsatsa da yanar gizo-gizo. Abu in ya yi daraja masu ido a kanshi su ma sai su ƙaru.

Fara da makullin nan na gindin sirdi, wanda ke zuwa da irin su Phoenix da Raleigh da Hero, mai ratsa sifok ya riƙe tayar baya. Mutanenmu sun yarda da shi ƙwarai, mutum ya danna ya ji ƙas ya zare ɗan makulli ya sa aljihu ya shige sahu hankali kwance. Alhali tayar kawai ya hana juyawa, keken bai ɗaure da komi ba. Mutum zai zo ya kama kariya da hannu guda ya ɗan ɗaga baya, ya riƙe kan keken da ɗayan hannun ya gangara da shi bisa tayar gaba, duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka faci za ya kai, yana shan kwana ya jefa shi cikin Napep shi ke nan. Ban da haka ma makullan in sun tsufa bakinsu lashewa yake, ni da hannuna na sha buɗe na wani da makullin wani in mai shi ya yar da nashi. Ban ce a cire shi ba, a bar shi ya zama na biyu.

Sai wayar nan mai rigar roba mai kyau, ja ko shuɗiya, da yara 'yan makaranta ke so, mai lambobi da ake juyawa. Ka taɓa feɗe ta? Ka feɗe guda ka gani, robar ce ke da kauri, abin da ke ciki 'yan siraran wayoyi ne aka murɗe kamar wayar birki, kota mai kyau sau ɗaya ko biyu take cizawa. Mai lamba uku kau daga 000 zuwa 999 ne iyakarta, yaro mai haƙuri yana zaune kamar yana jiran wani zai gama da ita. Wannan kar ka ce ma kowa ya saya, ko da kai ke saidawa.

Abin da nike ce ma mutane shi ne sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kaurin wuya, ko kuma makullin ƙarfen nan mai kamar kofaton doki in an samu na kirki, yana zuwa cikin kayan gwanjo wani lokaci. Kuma ba kowace sarƙa ba, akwai wadda ƙarfenta ɗanye ne, zarto na shiga kamar ana yankan sabulu. Yadda za ka gane, ɗauki magagari ka goga ma zobe guda, in ya ci ya bar gurbi to ka aje ta, in kau ya riƙa zamewa yana ƙara bai kama ba to an gasa ƙarfen, ita ce. Wanda bai da hali, mu nan muna da dabararmu tun da daɗewa, tsohuwar kacar babur a wanke ta da kananzir a zura ta cikin tsohon tib dan kar ta ƙuje fenti, a sa mata kwaɗo mai kyau. Mai kayan aiki yana iya fidda fil ɗinta, gaskiya ne, amma sai ya tsuguna ya yi ta bugu ana ji, kuma ta fi waccan wayar nesa ba kusa ba. Ka hana su haɗa sarƙar kirki da ɗan kwaɗon akwati, ɓarawo wajen da ya fi rauni yake dubawa.

Yadda ake ɗaurewa ma ya fi abin ɗaurin muhimmanci, nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Sarƙa ta ratsa cikin firam, ta haɗo da tayar baya in ta kai, sannan ta zagaye wani abu da aka kafe wanda bai ciruwa. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai noti biyu ne tsakaninshi da asara, kai kanka minti nawa kake yi ka kwance wili da sifana? Zai dawo ya tarar da tayarshi ɗaure ba keke. Kekunan gwanjo masu giya sun fi muni dan su ko sifana ba su buƙata, ɗan hannun nan kawai ake ɗagawa wili ya fita, haka sirdi. Duk wanda ya kawo irin wannan ka ba shi shawara a canza mashi zuwa noti. Sannan ya dubi abin da zai ɗaure a jiki, in gajeren turke ne ɗaga keken za a yi a zare ta sama, in sandar rumfa ce ta icce ana girgiza ta ta fito, ɗan ƙaramin bedi kau adda guda ne. Kar kwaɗon ya kwanta ƙasa, in ya samu ƙasa ko dutse ya jingina guduma ta samu maƙera ke nan, a ɗaure shi sama a matse sarƙar kar a bar mata sako-sako, bakin makullin ya kalli ƙasa. Lokacin hunturu ƙura na cika shi ya ƙi buɗewa, a riƙa ɗiga mashi ɗan mai, dan na ga mutane da yawa da suka daina kullewa kawai saboda kwaɗon ya fara gardama.

Wuri kuma kowa ya sani amma ba a kiyayewa. Masallaci lokacin da aka tada salla musamman Juma'a da Magariba, bakin kasuwa, ƙofar asibiti inda hankalin mutum ke kan mara lafiya, gidan kallon ƙwallo da dare. Kalmar da ta fi cinye kekuna a Katsina ita ce "bari in shiga in fito". In akwai masu ajiya da ke ba da kati a ba su, ɗan abin da za a biya bai kai kuɗin bawul ba. In babu, a aje gaban mai shayi ko mai tireda da aka sani a yi mashi magana baki da baki, kar a kai lungu wai dan a ɓoye, lungu ɗakin aikin ɓarawo ne. Gida ma haka, da yawa cikin zaure ake ɗauke su tsakanin Isha'i da rufe ƙofa. A sa mai walda ya lanƙwasa rodi a kafe shi cikin bango da siminti, a riƙa ɗaurewa nan ko a shiga da shi ciki.

To duk wanga da na faɗa na mai keke ne. Yanzu ga namu, kuma shi nike so ka riƙe fiye da komi. Ɓarawo bai satar keke dan ya hau, saidawa zai yi, kuma kafin ya saida sai ya canza mashi kama ko ya wargaza shi, wili daban, kan keke daban, faranti da feda daban. Wa ke da sifanar? Wa ke da fenti? Mu ne. Keken sata in bai bi hanyar Jibiya ya tsallaka iyaka ko ya faɗa kasuwar ƙauye ba, to ta rumfar mai gyara zai bi. Da duk masu gyaran da ke tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga za su ƙi taɓa keken da ba su yarda da shi ba, da rabin satar ta mutu.

Kowane keke na da lambarshi da aka buga jikin ƙarfe tun daga kamfani. Mafi yawa in ka kifa shi za ka gan ta ƙarƙashin inda aksul ɗin feda ke ratsawa, tsofaffin irin na da kuma ka duba gindin sirdi, wasu wajen da wilin baya ke zama. Mutum goma za ka tambaya lambar kekensu da wuya ka samu guda da ya sani, sai an sace ya zo yana ce maka baƙi ne mai kariya, to kekuna nawa ne baƙaƙe masu kariya a Katsina? Ka riƙa kifa keken a gabansu kana goge wurin da tsumma, ka ce su ɗauki hoton lambar da waya, su ɗauki hoton keken gaba ɗaya da duk wani tabo ko walda da ke jiki, su adana rasit. Wanda ya saya hannu a rubuta takarda da shaidu biyu da lambar a ciki.

Akwai wata dabara da maigidana ya koya mani, Allah ya jiƙanshi. A rubuta suna da unguwa a 'yar takarda, a naɗe cikin leda, a zare sirdi a tura ta cikin bututun firam a maida sirdi. Na ga amfaninta da idona. Wani dattijo mai kai itace cikin gari, shekaru yana kawo mani gyara, aka ɗauke mashi keke, ya zo rumfa ya zauna bisa bencinmu bai ce komi ba sai juya hula yake a hannu, dan da keken yake ci da gidanshi. Bayan kamar wata biyu wani saurayi ya turo mani keke wai in canza madigadi in sa sabon sirdi, an shafe shi da koren fenti har bisa sifok, fentin ma bai gama bushewa ba yana kama yatsa. Na kifa shi, wajen lamba an goge da magagari yana ƙyalli fari tas, ga makullin baya an ɓalle shi saura kunnuwan. Na ce mashi ya je ya dawo bayan La'asar aiki ya yi mani yawa. Yana tahiya na zare sirdi na sa waya na laluba, sai ga 'yar ledar da na sa da hannuna. Na aika aka kira mai unguwa da dattijon, da saurayin ya dawo ya tarar da su zaune. Ashe shi ma saye ya yi wajen wani a rabin kuɗi ba takarda ba shaida, kuɗinshi suka tahi, kuma sai da ya kwana biyu yana zarya caji ofis kafin ya wanke kanshi.

Alamomin ke nan, ka haddace su. Sabon fenti bisa keken da bai buƙatar fenti, lamba a goge, makulli a karye mai shi kuma bai damu ba, farashin da ya yi araha fiye da hankali, mutum na sauri yana waige-waige, ko yaro ƙarami ya kawo maka wili guda ko sirdi mai kyau wai na yayanshi ne. In wani ya ce ya yar da makulli ka yanke mashi sarƙa, in ba ka san shi da keken ba ka ce ya zo da wanda ka sani. Kar ka ji kunya, kar kuma ɗan ribar ya ruɗe ka, abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma a doka karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kanshi ko ba kai ka ɗauko ba. Amma ina roƙonka da girman Allah kar ka taɓa buɗe baki ka yi ihun ɓarawo. Ka san yadda mutane suke yanzu, kafin a tambayi ba'asi an illata mutum ko an kashe shi, wataƙila kuma irin wancan saurayin ne da aka cuta. Ka riƙe keken da dabara, ka kira ni ko mai unguwa, su su san yadda za su yi da hukuma.

Sannan kekunan da aka bar mana amana ne a wuyanmu. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka ba shi aiki ya tahi da su ko aka bar mashi, in sun salwanta shi zai biya. Ni na taɓa biya, farkon buɗe rumfata, na tahi Azahar na bar keke uku ba ɗauri na dawo na tarar da biyu, wata huɗu ina biyan mai shi kaɗan-kaɗan. Tun ranar na sayi doguwar sarƙar nan da kake gani kana jin nauyin ja. In za ka salla ko cin abinci ka zura ta cikin firam ɗinsu duka ka kulle jikin ƙarfen rumfa, ko minti biyar za ka yi. Kuma kar ka ba kowa keke dan ya ce mai shi ne ya aiko shi, sai ka kira mai shi ka ji muryarshi.

Malamin nan in ya dawo ka tambaye shi ko ya san lambar wanda aka sace, in ya sani ya kai rahoto wajen 'yan sanda da ita, mu kuma mu baza ta ga sauran masu gyara da dillalai. Sabon kau ka yi mashi kacar babur cikin tib, akwai guda biyu cikin buhun da ke bayan famfo, ɗauki mai tsawon, kar ka amshi kuɗin aiki, kwaɗon kawai zai saya. Ka sa mashi takarda cikin firam. Ka kuma ɗauki kuɗi cikin gwangwani ka sayo littafi mai bango mai ƙarfi, ka ja layi huɗu, kwanan wata, sunan mai keke, irin keken, lambar firam, daga yau duk keken da ya shigo rumfa sai ya shiga ciki ko faci kawai aka zo yi. Ka fara da na malamin. Ina nan tahe jibi in Allah ya kai mu, zan duba.